Kaset ɗin Juma'a

Tun ranar Juma'ar da bama-bamai suka tashi a Kano, cikin Janairun 2012, na daina jin komai. Ina cin tuwo, ina sallah, ina amsa gaisuwa, amma kamar wani ne ke yi a madadina.

Ni da Bukar muke kula da kwamfutocin wani asibitin kuɗi a Gwale. A wani ɗan ɗaki da ke bayan ɗakin magani muke ajiye saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da fayilolin asibitin duka. Kusa da ita akwai na'urar kaset. Kasetinmu biyar ne, daga Litinin zuwa Juma'a, kowanne da sunan ranarsa a jiki. Da safe ka cusa na ranar. Ƙarfe shida na yamma sabar da kanta za ta kira umarnin tar, ta kwashe duk abin da ke cikinta ta zuba a kaset ɗin, ta danne na wancan makon. In ta gama sai ta turo kaset ɗin waje. Ni na rubuta wannan tsari da hannuna, har ina yi wa Bukar gorin cewa Babarbare ba zai iya ba. Shi kuma ya ce Bafillace da ya saba bin shanu ai dole ya iya bin layin umarni.

Ranar Talata jami'an tsaro suka zo suka tafi da Bukar daga gidansu. Wani ne a unguwa ya ce bai kwana gida ba ranar Juma'a. Gaskiya ne, bai kwana ba, a asibiti ya maƙale yana taya ɗaukar waɗanda suka ji rauni. Tun kakan kakansa suke cikin birni, amma a wannan makon ba wanda ke tambayar wannan. Sunansa Bukar, shi ke nan.

Ranar Alhamis bayan la'asar matarsa Falmata ta same ni a ofis. Ba ta yi kuka ba, ni ma ban nemi ta zauna ba sai da na tuna.

“Malam Salihu,” ta ce, “lauya ya ce maganar likita ba ta isa ba, wai abokan aiki ne. Ya ce in akwai abin da zai nuna inda Baban Aisa yake ƙarfe biyar na ranar, a kawo gobe kafin a ɗauke su daga Kano.”

Akwai. Muna da kyamara a ƙofar asibiti, kowane minti tana ɗaukar hoto ɗaya da lokaci a jikinsa. Sai dai sabar ba ta da wuri, kwana uku take riƙe hotunan ta goge. Na Juma'a sun tafi. Wuri ɗaya kawai suka rage a duniya, a kaset ɗin Juma'a da ke cikin durowa.

Na zare na Alhamis na cusa na Juma'a. A gefen kowane kaset akwai ɗan jan makulli, in ka tura shi ba abin da zai iya rubutu a kai. Shekara shida ban taɓa tura shi ba, don kullum rubutun muke so. Na buga umarnin mt na mayar da kaset ɗin zuwa farkonsa, sannan na sa tar ya jero mini sunayen abin da ke ciki. Haka muke yi, a fara dubawa kafin a ciro, don kada a zuba abu inda bai dace ba. Kaset ba ya tsallake, sai ya bi komai ɗaya bayan ɗaya. Muka zuba wa baƙin allon ido, sunaye suna ta gudu, kusan minti arba'in.

Sai ga su. Hotunan ƙofa, biyar saura minti ɗaya, biyar daidai, biyar da minti ɗaya, har zuwa shida. Na ɗora yatsa a kan allon.

“Ga shi nan,” na ce.

“Ina? Ban ga hoto ba.”

“Sunayensu ne. Sai na mayar da kaset ɗin zuwa farkonsa na sake bi, sannan su fito.”

Ta dubi agogon bango. Shida saura ashirin da biyar, kuma ƙarfe shida dokar hana fita take kamawa. Ita tana da yara a gida, ni kuma sai na ratsa shingen Ƙofar Kabuga, inda ake sa mutum ya sauka daga babur ya tura shi da hannu. Na ce mata ta je, da sassafe za ta tarar na ciro su. Ta yi mini addu'a mai tsawo, na ce amin. Na kashe fitila na kulle ɗakin.

Wutar da ba ta taɓa yi mana mutunci ba, ranar sai ta zauna.

Da safe ƙarfe bakwai na buɗe ƙofa, na tarar da kaset ɗin ya leƙo daga bakin na'urar. Na tsaya ina kallonsa. Abu ɗaya ne ke turo kaset waje a ɗakin nan, kuma ni na rubuta shi. Ban yi salati ba, ban zagi kaina ba. Na cire takalmi, na zauna, na mayar da kaset ɗin ciki na sa tar ya jero. Kwanan watan da ke kan layin farko na jiya ne. Na bar shi ya bi har ƙarshe, ko da na san in an yi sabon rubutu daga farko na'urar ba ta ƙara kallon abin da ke bayansa. Na gwada tura kaset ɗin gaba da mt, ta ce nan bayanai suka ƙare. Na sake, ta maimaita.

Falmata ta shigo wajen takwas da rabi, da ambulan a hannu na zuba hotunan.

“Ina kwana, Malam Salihu. An samu?”

“Babu su,” na ce. “Na bar kaset ɗin a ciki. Ƙarfe shida sabar ta rubuta wani abu a kai. Laifina ne.”

Ina jin muryata kamar ina karanta sanarwa. Na so in ji kunya ko tsoro, ban samu ko ɗaya ba.

“To me ke ciki yanzu?”

Na ciro hoton ƙofa ɗaya na buɗe mata. Ta matso ta sunkuya. Ita ce a jiki, jiya da yamma, tana fita daga asibitin da mayafinta a kai, ni kuma ina bayanta da makulli a hannu.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙe ta ninke ambulan ɗin biyu.

“Lauya yana jirana ƙarfe tara,” ta ce. “Me zan ce masa?”