Kafin A Kawo Madara

Ranar da labarin ya iso mini ina tsakar gida a Bodinga, ina kwashe shanya saboda hadari ya haɗo daga gabas. Waya ta yi irin ƙarar da ɗana Bilyaminu ya sa mini don in gane shi ne. Na ɗauka, sai na ji muryar yarinya.

"Inna, Juwairiyya ce, ɗalibar Malam. Tsawa ta faɗa mishi."

Bilyaminu labarin ƙasa yake koyarwa a wata sakandare a Shagari. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma yakan nuna mini zanen da yake yi wa yara: sanduna a jere, kowane wata da tasa, ta Agusta ta fi kowacce tsawo saboda ruwa. Kayan awon ma shi ya haɗa abinsa. Kwalba da mazurari na auna ruwan sama, da wani dogon ƙarfe a bayan aji mai ƙyalle a kai, don a ga inda iska ke fitowa. Ran nan an tashi daga makaranta, malamai sun watse, ya tsaya da 'yan ajin ƙarshe saboda jarrabawa. Iska ta karkatar da ƙarfen, ya fita ya miƙar da shi, yara na kallo ta taga.

Na ce, "Yana numfashi?"

"Ƙirjinai na motsi."

"To ku ɗauke shi ku kai asibiti."

Sai wani dattijo ya karɓi wayar, ya ce shi ne Sha'aibu, mai gadi. "Inna, ki yi haƙuri. Ba a taɓa wanda tsawa ta faɗa ma sai an yayyafa mishi madara. Wuta na jikinai. Ɗiyan mutane ne hannuna, ba ni bari su taɓa. Yanzu za ni ruga in samo."

Ni ma haka na taso ina ji. Amma ɗana ne kwance a ƙasa. Na roƙe shi da girman Allah, wayar ta yanke.

Maƙwabcina Tukur ya ɗauke ni a babur cikin ruwa. Duk walƙiyar da aka yi sai in runtse ido, in ji kamar yanzu tsawar ta faɗa wa ɗana. A hanya na sa ya tsaya na sake kira. Juwairiyya ta ce, "Ruwa ya yi yawa, Inna, daga nan ba mu gani sosai." Ban ƙara kira ba, don ina tsoron abin da za ta ce.

Na tarar da yaran sun yi da'ira nesa da shi, sun jiƙe sharkaf, wasu na kuka, wasu na salati. Sun tura masa tabarma da sanda don ta kare masa fuska. Na ratsa su na durƙusa, na ɗora kansa a cinyata. Ba abin da ya same ni. Wuyansa da sauran ɗumi. Na kira sunansa, na girgiza shi, bai amsa ba.

Muna ɗora shi a wata mota Sha'aibu ya iso a guje da ƙwarya, madarar rabinta ruwan sama.

A asibiti likita ya ce ya cika. Ya ce babu wutar da ke zama a jikin mutum, da an danna masa ƙirji da wuri wataƙila da an dace. Na ce kwana ne ya ƙare. Ban riƙe kowa a zuciya ba.

Na yarda da maganar likita. Amma 'yar Bilyaminu tana hannuna, kuma har yanzu akwai masu tsoron nan. Kowace safiya, rani da damina, ina karɓar madara wurin Bafillatana in ajiye bayan ƙofa, don kada a sake tsayawa jira. Da yamma in dama wa yarinyar fura da ita.