Hudar Wuta a Bindigar Elwood

Arlene ta naɗe bindigar cikin tsohon bargo, ta kwantar da ita a kujerar bayan mota, sannan ta dawo ta leƙa ta taga. Mijinta Elwood na nan kan kujerarsa, barcin rana ya ɗauke shi, baki a buɗe. Tunda suke ba ta taɓa ɗaukar masa ko tsinke ba tare da saninsa ba, yau ga ta tana sata da rana tsaka, kunya duk ta ishe ta.

Likita ne ya fara faɗa, ranar da Elwood ya kasa tuna sunan garinsu: a fitar da bindigogi daga gidan. An fitar, saura wannan. Bindigar ƙyastu ce mai ɗuri ta baki, shi ya ƙera ta tun suna amarci, kuma da ita yake hawa dutse washegarin Kirsimeti, in an buɗe wa masu irinta farautar barewa. 'Yarsu Doreen ta bugo waya daga Pittsburgh ta ce muddin ta zo ta tarar da ita, da kanta za ta miƙa wa 'yan sanda. Gaskiyarta ce. Mutumin da yake kiran matarsa da sunan yayarsa, me zai hana ya hango maƙwabci a bayan itace ya ce barewa ce? Amma Arlene ta sani, ranar da aka raba shi da bindigar nan ranar zai kwanta.

Shagon Merle Hostetler yana bayan gidan mai, kullum cikin warin albarushi da kofi da ya daɗe a kan wuta. Merle abokin farautar Elwood ne tun suna samari, kunnensa ɗaya ya daɗe da yin ritaya. Da ya ga abin da ke cikin bargon sai ya ce ashe dai ta gaji da haƙuri, za ta sayar da kishiyar nan tata da mijinta ya fi shafa wa mai a kanta. Ba ta yi dariya ba, shi ma ya bari.

Ta faɗa masa abin da ya kawo ta. A gefen bututun akwai ɗan ƙarfe da ake murɗawa, mai huda kamar ta allura, ta nan wuta ke shiga ta tarar da albarushi. So take ya cire shi ya sa wani marar huda. Ta haka ƙyastu zai buga, hayaƙi ya ɗan tashi, shi ke nan. Elwood zai zagi sanyi ya dawo gida.

"Wato in yi wa mutumin da ya koya mini riƙon magagari wayo ke nan," in ji Merle.

"So nake ya hau dutsen nan, Merle. Kuma so nake kowa ya sauko da ƙafarsa."

Merle ya daɗe yana sosa haɓa, sannan ya karɓa. Ya zura sandar ɗuri ya ji a ɗure take. Arlene ta nemi benci ta zauna. Ya zaro harsashin, ya zubar da albarushin, ya ɗauki siririyar waya ya cusa a hudar. Wayar ta cije. Ya ɗauka toka ce ta taru, ya sake gwadawa, ta sake cijewa. Sai ya kwance toshiyar gindin bututun, ya haska tocila ciki, ya duba gefen. Babu ko ɗigon haske. Ya murɗo ɗan ƙarfen ya ɗora a tafin hannu, ya laluba tabarau. Ta waje rami ne ɗan ƙarami da aka baƙanta har ya yi kama da huda. Ta ciki kuwa ƙarfe ne zalla.

"An riga ki, Arlene."

Ta tambaye shi wa ya riga ta. Ya ce a duk gundumar nan mutum ɗaya ne yake goge ƙarfe haka, har ido ya kasa gano inda ya haɗu da bututu. Sannan ya tambaye ta yaushe rabonta da cin naman da Elwood ya harbo.

Ta tuna bara. Ya sauko hannu rabbana, ya ce albarushi ya sha raɓa, yana ta fito abinsa, mutumin da in ya yi kuskuren harbi sai ya yi mako yana fushi da kowa har da kare. A damunar da ta gabaci wannan ne ya fara ɓata hanyar coci, ita kuma tana ce masa kowa ma yana mantuwa. Ashe ya sani. Ya shiga shagonsa shi kaɗai ya kashe bindigarsa, ya ci gaba da ɗaukarta don kada hankalin matarsa ya tashi. Tausayinsa da sonsa suka taso mata lokaci guda, ta yi kuka sosai. Merle ya juya ya shiga zuba kofi, ya daɗe yana zubawa. Bayan nan ya mayar da komai yadda ya same shi.

Da ta iso gida ta tarar da Elwood tsaye gaban ƙusoshin da ake rataye bindigar, idanunsa cike da tsoro irin na wanda aka bari a tasha. Ta miƙa masa. Ya rungume bindigar, ya shafa katakon, numfashinsa ya daidaita. Hannunsa bai manta aikinsa ba: ya ɗauki wayar da ke rataye a jakar farauta ya cusa a hudar. Ya ɓata rai.

"Arlene, a toshe take. Wani ya yi mini ɓarna. Ki kai wa Merle ya buɗe ta kafin ranar farauta."

Ta dube shi da kyau ko za ta ga alamar wasa. Babu. Mutum ɗaya ne ya roƙe ta abu biyu: na bara da ya toshe hudar, da na yau da ya manta yake so a buɗe, kuma ta san wanne za ta yi.

"Zan kai masa," ta ce, tana gyara masa maɓallin riga. "Sai dai ka san Merle da nawa wurin aiki. Zo ka sha miya tun da zafinta."

Elwood ya yi dariya, ya ce ai Merle tun yana yaro haka yake. Ya bi ta kicin, bindigar a kafaɗarsa.