Ranar da Talle Ta Jefa Ƙarfen Mota a Rijiya

Shekara ta uku da samun mulkin kai, gyaɗa ta yi kyau a ƙasar Mayahi har buhuna suka yi wuya. Motocin ƴan kasuwa ba su hutawa tsakanin ƙauyuka da Tasawa, kowa na son ya riga wani kai kaya wurin awo. Cikin masu tuƙin har da Salifu, saurayi ɗan shekara ashirin da bai yi wata huɗu da karɓo farmi, takardar tuƙi, daga Maraɗi ba. Tsohuwar kamiyon Alhaji Cindo, babbar motar kaya, yake ja, wadda ba ta tashi sai an murɗa ta da manibel, wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zurawa ta hancinta.

Uwarsa Talle tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a kasuwar Kanan-Bakashe. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "yaron nan".

Ranar kasuwa bayan azahar aka gama lodi, mutane kusan ashirin suka haye saman buhuna, har da mata masu goyo. Salifu ya ja baya da ƙarfi, ya bi ta kan rumfar wata Bafillatana mai nono. Da ƙyar ta fizge jaririnta ta yi gefe. Ƙore suka farfashe, nono ya malale cikin yashi, motar ta mutu. Salifu ya diro yana dariya.

Dariyar ce ta ta da Talle daga gaban kasko. Tana matsowa warin burkutu ya buge ta. Idanunsa jajur, muƙamuƙinsa na motsi kamar mai taunar abin da babu.

"Kwana nawa rabonka da barci?" ta ce.

"Inna, koma wurin sana'arki. Barci na raggo ne." Ya zaro wata takarda daga aljihu, ƙwayoyi farare a ciki. "Ga maganinsa nan, Alhaji ya ba mu."

"Giyar fa? Ita ma shi ya ba ka?"

"Ƙwarya guda ce, don hannuna ya bar rawa."

Ta ɗaga kai ta dubi na saman mota. "Ku sauko! Wanda zai ja ku ba ya cikin hankalinsa."

Ba wanda ya motsa, don ba wata motar sai kasuwa mai zuwa. Wani dattijo ya ce, "Haba baiwar Allah, ai Allah ke kiyayewa."

Talle ta ce, "Shi ya ce ka hau mahaukacin raƙumi?"

Salifu ya durƙusa gaban motar zai zura manibel. Ya kuskure ramin, ya sake, ya kuskure. Kafin na uku Talle ta fizge ƙarfen daga hannunsa. Ya miƙe zai ƙwace.

"Salifu!" ta daka masa tsawa. "Taɓa ni, in ka isa!"

Jin sunansa a bakinta ya sa ya sandare. Ta ratsa ta cikin masu sayar da gero, ta nufi babbar rijiyar bakin kasuwa, mai gaba talatin. Matan da ke jan ruwa suka dare. Ta saki ƙarfen a ciki. An ɗan jima kafin a ji faɗawarsa.

Kasuwa ta rikice. Wasu na cewa ta ɓata ruwan gari da baƙin mai, wasu na cewa ta hana su tafiya. Alhaji Cindo ya taso daga wurin masu awo yana tattare babbar riga.

"Ke Talle, hauka kike? Kin san abin da kika tsayar?"

"Na sani, Alhaji. Gawa ashirin na tsayar."

"Yaron nan ni na raba shi da hauya na ba shi sitiyari!"

"Ka ba shi sitiyari, ka ba shi guba. Ɗanka na lakwal, makarantar boko, a Maraɗi yana barcinsa har rana ta fito, nawa kuma ka hana masa runtsawa kwana uku don gyaɗarka ta riga ta wani isa Tasawa. In maganin na da kyau, ga shi nan a aljihunsa. Haɗiyi biyu gaban jama'a, ka hau gidan gaba ya ja ka!"

Alhaji ya ce shi ba ya cacar baki da mace, ya kai ƙara gun mai gari Halilu. Mai gari ya saurari kowa, ya sa aka kira Salifu. Ɗan aiken ya dawo ya ce ga shi can kwance ƙarƙashin mota, an girgiza shi, an yayyafa masa ruwa, ko motsi bai yi ba. Mai gari ya shafa gemu. Sannan ya ce Danda mai yasar rijiya ya shiga gobe ya ciro ƙarfen, Talle kuma ta janye gurɓataccen ruwan da hannunta, tunda ita ta ɓata shi.

"Shi fa?" Talle ta nuna Alhaji. "Ba abin da ya ɓata?"

Mai gari ya ce wannan maganar ta jandarma ce, ba tasa ba. Ta yi tsaki a gabansa, abin da ba a taɓa ji ba, ta fita.

Washegari tun hantsi take jan guga, tafukanta suka sassaɓe. Sai da rana ta take Salifu ya farka, ya tarar an miƙa motar ga wani saurayi, Ƙadri. Ya zo bakin rijiya yana huci.

"Kin tozarta ni a bainar jama'a. Wa zai sake ba ni mota?"

"Gara ka tsane ni kana tafiya da ƙafarka," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Matsa, ka tare mini igiya."

Da ta gama ba ta nufi gida ba, gidan Safi uwar Ƙadri ta tafi. Ta faɗa mata ƙwayar da ake ba yaran da inda suke shan burkutu a bayan kasuwa. Kasuwa ta gaba mata biyar suka tsaya wurin lodi. Duk direban da zai hau sai sun duba idonsa, sun shinshina bakinsa. Samari na zagi ƙasa-ƙasa, maza na dariya, matan ba su kula ba. Sau biyu suka sauke fasinja kaf daga mota. Alhaji Cindo ya gaji ya mayar da lodinsa garin Sarkin Hausa, inda ba mai tare shi, kuma wannan ya fi komai cin ran Talle.

Salifu bai ci tuwonta ba har kakar ta wuce. Da bazara wani tsohon direba, Maman Sani, ya ɗauke shi suna jigilar gishiri, bisa sharaɗin in ya ji warin giya sau ɗaya zai sauke shi ko a tsakiyar daji ne. Ran da za su tafi Salifu ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Inna, mun tafi." Tana tsakar gida tana matsar tunkuza, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta ci gaba da aikinta.