Hannun da Ba a Sallama Ba

Duk gidanmu babu ƙyallen da gefensa ya tsira. Zanin gado, labule, bakin mayafi, kowanne za ka tarar da shi a murɗe kamar takardar alewa. Aikin Inna ne, kuma ba da saninta ba. Tana zaune tana hira, yatsunta su ɗauka, su naɗe, su murɗa. In na yi magana sai ta yi dariya, ta ce ita kaɗai kamfani ya sallama, hannun har yau yana bakin aiki.

Ni abin bai taɓa ba ni dariya ba. Tun ina goye take naɗe alewa, a gaban injin da ke tofo ta ɗaya bayan ɗaya, tak, tak, tak. Yanzu kofin ruwa kan sulluɓe mata ba ta ji ba, maɓallin riga ya gagare ta. Ƙawarta Doguwa, wadda suka yi zaman benci ɗaya, da ta rasu masu wanka sun yi juyin duniya su miƙar mata da yatsu, suka ƙi. Babban yatsa da manuni a haɗe aka sa ta a likkafani, kamar akwai wadda ba ta ƙarasa naɗewa ba. Inna tana wurin. Tun daga nan take danne hannunta da cinya in ta zauna cikin mutane.

Likita ya ce jijiyar wuyan hannu ce ta matse, tiyata za ta ceto abin da ya rage in ba a makara ba. Shi ya faɗa mana ciwon da aiki ya jawo, ko a hankali ya shigo, yana da diyya kamar karaya, sai dai a nuna aikin ne sila. To wa zai tsaya shaida a kan inda yake ci? Ni na gaji gurbin Inna a bencin, da albashina ake ɗora tukunya. Da aka kira ta sauraron ƙarar neman diyya, ta sa na rantse rakiya kawai zan yi, ba zan buɗe baki ba.

Ɗakin sauraron ƙarar ƙarami ne, ga zafi. Jami'in diyya dattijo ne mai tabarau a ƙarshen hanci, lauyan kamfani kuwa turarensa ya riga shi shigowa. Jami'in ya tambayi Inna wace rana ta ji ciwon.

"Ranka ya daɗe, ba faɗuwa na yi ba," in ji ta. "Wa ya san ranar da furfura ta fara fito masa?"

Lauya ya cafe maganar tun ba ta kai ƙasa ba. Ya ce ai ta faɗa da bakinta, tsufa ne. Ya kawo wanki, ya kawo sanyin ƙashi, ya ce alewa ko yaro ya naɗe ta, wane nauyi gare ta? Raina ya ɓaci, amma rantsuwa ta ɗaure ni. Inna ta sunkuyar da kai, ta gane ta yi ɓarin baki.

Sai aka kawo wuta, fankar sama ta tashi. Tana da wani ƙarfe da ya saki, duk zagaye sai ya buga: tak, tak, tak. Ko injin kamfani bai fi ta iya wannan ƙarar ba. Hannun Inna ya zare kansa daga ƙarƙashin cinyarta ya kama bakin mayafi. Hannun da ba ya iya riƙe kofi, ga shi yana ɗauka, yana naɗewa, yana murɗawa, bai kuskure bugu ko ɗaya ba.

Lauya ya ce wasan kwaikwayo ne. Jami'in kuwa ba Inna yake kallo ba. Na bi idonsa har kan cinyata. Hankicina ne a hannuna, bakinsa biyu a murɗe, yatsuna suna tafiya tare da nata, ko kallon juna ba mu yi ba. Na so tsayar da su, suka ƙi.

"Ke ma can kike aiki?" ya tambaye ni.

Ban buɗe baki ba, bai kuma sake tambaya ba. Ya sa aka kashe fankar, ya ce kamfani zai ɗauki nauyin tiyatar, za a kuma tura masu bincike su ga bencin. Lauya ya daɗe yana duban fuskata, irin duban mai son kada ya manta.

Na zaci Inna za ta yi murna.  Amma da muka isa bakin tasha sai ta kamo wuyan hannuna da tafukanta biyu, tunda yatsun ba sa riƙo, ta danna daidai inda yake min tsami.

"Tun yaushe?" ta ce.

Na laluba a raina, na laluba.

"Ban san ranar ba, Inna."