Rabon Dabo

Shekara tara na yi a ɗakin shan magani na Gwaram, ban ga wanda ya gajiyar da ni kamar Hambali na Zandam ba. Tarin fuka ne da shi. A shekarar ƙarin albashin Udoji likitan Birnin Kudu ya gama masa allurai, ya turo min shi da kati: ƙwaya kullum har wata goma sha takwas. Ciwo ne mai warkewa, in dai an sha maganin yadda aka ce.

Duk farkon wata sai ga shi ya tako a ƙasa, ya tsuguna ya gaishe ni, ya karɓi ƙwayoyinsa. In na ɗora shi a sikeli kuwa, kullum raguwa yake.

"Kana sha kuwa?"

"Ina sha, Malam."

Haka kowa ke ce min tun safe har azahar.

A wata na biyar matarsa Hadijatu ta rako shi. Da ya fita tofar da kaki, ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Malam, raba maganin suke da wansa Dabo. Yau shi, gobe Dabo. Shi ma tarin yake."

"To ya je Birnin Kudu a duba shi mana."

"Fillanci ba zai bar shi ya tuɓe riga gaban baƙo ba. Shi kuma wannan tun suna yara bai taɓa sa abu a baki wansa na kallo ba."

Na yi faɗa har muryata ta dishe. Na ce rabin magani ba zai warkar da ko ɗayansu ba. Hambali ya ce, "To, Malam." Na hau keke har Zandam. Dabo ya tarye ni da ƙwaryar nono, yana haɗiye tari yana ce min lafiyarsa ƙalau. Na dawo a gajiye, raina a ɓace.

A wata na takwas Hambali ya zo, ya kwance wani ƙullin tsumma a kan teburina. Ƙwayoyi ne.

"Dabo ya rasu ran Talata. Ga abin da ya rage na rabonsa, a ba wani mai buƙata."

"Naka ne, Hambali. Tun farko ma naka ne."

Ya girgiza kai. "Kayan mamaci ne, Malam. Ba a raba gado ba."

Na nuna masa sikeli. Sai da Hadijatu ta riƙe shi sannan ya iya hawa.