Kwanon Burodin Bature

Shekara uku Maccido yana yi wa wani Bature kuku, kuma cikin kayan girki duka ba abin da yake tsoro kamar kwanon gasa burodi. Na alminiyum ne, ba nauyi, da wani baƙin rufi a jikinsa wanda tun Turai aka yi shi da shi. Ba ya tsatsa, zafi yana ratsa shi ko'ina daidai, burodi ya fito sumul bai kama ba. Wallahi Baturen nan ya fi son kwanon da mutane. Kukun da ya riga Maccido, da cokali kawai ya karce kwanon, sai da ya sha bulala a gaban bariki.

Da rangadi ya kawo su Illela ana gyaran jinkar bariki, sai Maccido ya ajiye kayan girkin gidan gwaggonsa Altine, ya tafi neman ƙwai.

Altine kuwa, kwanon baƙo ba ya fita gidanta da dauɗa, abin kunya ne a wurinta. Ta ɗebo toka da rairayi, ta dirje shi tun hantsi har azahar.

Maccido ya dawo ya tarar da kwanon kan danga, fari fat, yana ƙyalli.

"Gwaggo, mi kinka yi?"

"Wanki. Ba ku jin kunya, kuna ba mutum abinci cikin wanga baƙi?"

Maccido ya sauke kwanon daga dangar. Ya koma bariki ya shafe kwanon da mai, ya gasa burodin yana addu'a. Burodi ya kama, da wuƙa ya ɓamɓaro shi gutsi-gutsi. Aka kai tebur haka, ba a ji faɗa daga ciki ba, kuma shirun ya fi tayar masa da hankali. Ya yanke shawara zai ce shi ne ya dirje kwanon. Bayansa zai iya ɗaukar bulala, na tsohuwa ba zai iya ba.

Da la'asar ya zago gida don ya roƙe ta ta yi shiru, sai ya iske masinjan Bature ya riga shi, tsaye a ƙofar zaure da kwanon a hannu.

"Bature na tambaya, wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne," in ji Maccido da sauri.

"Kai, bar ƙarya." Altine ce ta fito tana fara'a. "Kai da ko akushi ba ka iya wankewa ba? Ni ce, malam. Ka ce mashi in da saura ya aiko."

Masinja ya dubi Maccido, ya kau da kai.

"Inna, ɗauko mayafinki," in ji masinja, "mu tafi wurin Bature."