Ƙaramar Ƙofar Gareji

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya Murtala ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan dā ce da ba su ɗauki kunyar ɗan fari da wasa ba. In maganarsa ta taso sai ta ce da ni "yayanki", in ranta ya ɗan sosu kuma ya koma "mutumin Kaduna". Ko ya zo gida ya durƙusa yana gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Duk abin da za ta faɗa masa sai ya bi ta bakina, ko da yana zaune a gabanta. Ni kuwa auta, sunana ba ya hutawa. Raudatu kawo wancan, Raudatu ina kika shiga, tun safe har dare.

Gidanmu a Malumfashi hanyar shiga biyu gare shi. Akwai zaure, inda Baffa Sanda, ƙanen mahaifinmu, yake baje tabarma da abokan hirarsa daga azahar har magariba. Sai gareji a gefe, wanda Baba, Allah ya jiƙansa, ya gina wa tsohuwar motarsa ta ɗaukar masara. Motar ta daɗe da tafiya wurin 'yan gwangwan, garejin ya zama wurin jibge buhunan masara da waken suya. Bayansa a buɗe yake zuwa tsakar gida. Ƙofarsa ta kwano ce da katako, Baba ya haɗa ta da hannunsa, kuma duk wanda ya kalle ta ya san Baba ba kafinta ba ne. Ganye biyu gare ta, a na hagun ya yanka wata 'yar ƙofa wadda sai an sunkuya ake shiga.

Ta wannan 'yar ƙofar Gwaggo Inno take shigowa. Maƙwabciyarmu ce, aminiyar Inna tun suna amare. Kullum bayan la'asar za ka ji ƙarar sandarta, sannan ka ji "wash!" lokacin da take ɗaga ƙafarta mai ciwo ta tsallake katakon ƙasa. Su zauna suna tsince wake, suna musu a kan wanda ya riga wani aure a cikin mutanen da duk sun rasu. Gwaggo Inno ba ta bin zaure, saboda Malam Aƙilu, mijin babbar 'yarta, ɗan majalisar Baffa ne, ba ya fashi. Gara ta kwana a titi da ta ratsa ta gaban surukinta tana ɗingishi.

Daminar bara ce ta ƙarasa ƙofar Baba. Gara ta riga ta cinye katakon, iska ta zo ta ɓalle ganye ɗaya, awakin unguwa suka shiga suka yi biki a kan buhun masara. Da Yaya ya zo ya gani, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce a wannan zamanin da ake fasa rumbuna, ba zai bar mahaifiyarsa da amfanin gonarta a bayan kwanon da yaro zai iya turewa ba. Ya wuce Funtua wurin masu walda.

Daga can ya dinga turo mini hotuna a waya. Ga mai naɗewa sama irin ta shaguna, ga mai ganye biyu, ga mai zamewa gefe a kan layin ƙarfe. Ya ce a nuna wa Inna ta zaɓa. Na kai mata wayar har gaban hancinta, ta kawar da kai.

"Abin da ya zaɓa ya yi," ta ce.

Ya zaɓi mai zamewa, ƙarfe mai kauri, a shafe daga sama har ƙasa. Da ya kira, na sa wayar a sifika na ce, "Yaya, ƙaramar ƙofar fa?"

"Mai waldar ma ya tambaya, na ce a bari. Ai ta irin nan ɓarayi suke samun sauƙi. Ba ga zaure nan ba?"

Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ji Inna ta mintsine ni a cinya, mintsini mai shiga rai. Na dube ta, ta girgiza kai. Bayan ya kashe wayar na ce, "Haba Inna! Gwaggo fa?"

"Mutum ya tashi yin abin alheri ki ce masa bai iya ba? Kada in ji, kada in gani."

Ba na ganin laifin Yaya sosai. Tun yana ƙarami makarantar kwana ta ɗauke shi, daga nan aiki ya riƙe shi a Kaduna. In ya zo gida kuma, la'asar a zaure take samun sa tare da dattawa. Bai taɓa ganin waye yake bin waccan 'yar ƙofar ba. A wurinsa rami ce kawai a jikin kwano.

Ranar da aka kawo ƙofar unguwa ta cika. Mati mai walda ya zo da janaretansa da mutanensa, magini ya fasa gefen bango, aka binne ginshiƙai da siminti, aka shimfiɗa layin ƙarfen a ƙasa. Mati yana ɗora ma'auninsa yana cewa a ɗaga nan, a sauke can, Baffa Sanda yana tsaye a kansa yana ba da shawarar da ba wanda ya nema. Da aka ɗora ƙofar a kan tayoyinta aka tura, ta tafi tana gurnani har ta daki ƙarshen bango. Aka shafa mata koren fenti. Gaskiya ta yi kyau, duk layinmu babu irinta. Sai dai ƙarti biyu ne suke tura ta, kuma makullin ya tafi aljihun Baffa.

Yaya ya koma Kaduna da farin cikinsa. La'asar ta yi, Inna ta shimfiɗa tabarma kamar kullum, ta zubo wake a faifai. Ba wanda ya shigo. Washegari ma haka. Da safe Gwaggo tana fama da jikoki, bayan magariba kuma idonta ba ya gani. Inna ta gwada zuwa wurinta ta zaure, amma sai da dattawa suka miƙe suna janye tabarmi da takalma, Malam Aƙilu har yana tuntuɓe da buta. Ta dawo ta ce ba za ta ƙara tayar da mutane ba. Tun daga nan abinci ya rage shiga cikinta, rediyon ma sai ta kunna ta bar shi yana magana shi kaɗai. Abin ya dame ni, ya kuma ba ni haushi, don gyaransa bai wuce magana ɗaya a waya ba.

Wata rana na dawo daga makarantar da nake koyarwa, sai na hangi Gwaggo Inno zaune a kan dutse a gindin koriyar ƙofar, a bakin titi, tana ƙwanƙwasa ƙarfen da sanda. Daga ciki na ji muryar Inna. Ashe ta ja kujerarta 'yar tsugunno ta shiga garejin, cikin duhu da warin maganin ƙwari, ta zauna tana fuskantar ƙarfe. Dukansu kunne ya fara nauyi, don haka hirar da ihu ake yin ta. Duk mai wucewa sai ya ji wadda ta haihu da wadda ta yi yaji. Yara suna dariya, ni ma na yi, amma da na shiga ɗaki sai da na share hawaye.

"Inna, wallahi yau sai na kira shi."

"Ki kira shi ki ga abin da zan yi miki."

Haka aka ci gaba har kaka. Yaya ya zo ranar wata Juma'a don ya ga yadda aka shigar da masara. Bayan la'asar, maimakon ya zauna a zaure, sai ya ce bari ya duba ko ƙwari sun taɓa buhunan. Ina wanke-wanke a tsakar gida na ga ya nufi garejin. Na san abin da zai tarar. An hana ni magana, amma ba wanda ya ce in tare hanya, don haka na ci gaba da cuɗa tukunyata.

Ya tsaya a bayan buhuna. Inna ta ba shi baya, ba ta san da shi ba. Daga waje Gwaggo Inno tana cewa, "Mero, kin ci abinci kuwa? Muryarki ta yi ƙasa."

"Na ci."

"Ƙarya kike. Ni dai da zan ga fuskarki da na sani. Wannan ƙofa ta raba mu da rai, Mero."

"A'a, Inno, kada ki ce haka," Inna ta ɗaga murya. "Ƙofa ce mai kyau. Yaron nan tsoro yake ji kada wani abu ya same ni. Tun yana ƙarami haka yake, ko zazzaɓi na yi ba ya iya cin abinci. Ba zan ɓata masa rai a kan hirarmu ba."

Yaya ya fito a hankali kamar mai tsoron taka ƙwai. Mutum mai furfura a gemu, amma idonsa ya yi jawur. Ya tsaya a kaina ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka tafi."

"Kuma kika yi shiru?"

Na nuna masa cinyata na ce, "Tambayi nan wurin."

Washegari da sassafe ya tafi Funtua, kafin hantsi ya dawo da Mati da janaretansa. Baffa Sanda ya fito yana salati. "Murtala, kanka ɗaya? Sabuwar ƙofa za ka sa a yanka?"

"Baffa, a yi haƙuri. Ni na yi kuskuren aunawa."

Ya kira ni gefe ya tambayi tsayin Gwaggo Inno. Na nuna masa daidai kafaɗata. Ya ce a ƙara, kada ta sunkuya. Mati ya zana da alli, ya kunna injin yanka, tartsatsi ya dinga tashi, koren fentin yana ƙonewa yana baƙi. Yaya ya so a cire ƙarfen ƙasa gaba ɗaya, Mati ya ce shi ne yake riƙe da tayoyin, sai dai a rage masa tsayi. Aka rage. Yaya ya sa aka liƙa mariƙi a gefe don mai tsallakawa ta dafa, aka sa sakata ta ciki daidai inda hannun Inna zai kai tana zaune. Shi da kansa ya karɓi burushi ya shafe wurin ƙunar, ya ɓata farar shaddarsa. Ko an shafe, tabon waldar yana nan, ƙofar ba ta koma kyanta na farko ba. Duk wannan hidimar Inna tana ɗaki, ko leƙowa ba ta yi ba.

La'asar ta yi, muka ji sanda a jikin ƙarfe. Inna ta fito da kujerarta kamar kullum, ta shiga garejin, ta tsaya tana kallon sakatar. Ta daɗe a tsaye kafin ta sa hannu ta ja. Haske ya shigo, ga Gwaggo Inno a tsaye da sandarta.

"Kin rame," in ji Gwaggo.

"Ke kuma kin ƙara tsufa."

Gwaggo ta dafa mariƙin ta tsallako, ba ta ce "wash" ba. Suka wuce tsakar gida, Inna ta baje tabarma, na kawo faifan wake da kwanon fura. Yaya yana can gefe wurin randa, yana ta goge fenti a hannunsa, yana yi kamar bai san abin da ake ciki ba.

"Raudatu," Inna ta ce, "ki ce wa yayanki..."

Ba ta ƙarasa ba. Na tsaya ina jiran saƙon. Ta matsa gefe a kan tabarmar, ta share wurin da tafin hannunta, sannan ta ɗaga kai ta dube shi, shi kansa, ido cikin ido.

"Zo ka zauna ka sha fura. Tun safe ba ka ci komai ba."

Yaya ya ci gaba da goge hannunsa a wurin randa. Sai da Gwaggo Inno ta daka masa tsawa ta ce, "Kai, ba da kai ake ba?" sannan ya cire takalmi ya zo ya zauna a bakin tabarmar. Inna ta miƙa masa ludayi da hannunta. Ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai kai shi baki ba.